Kabejin Sadaka da Wuyan Ladan

Da sunan Allah nake farawa, wanda bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Na rubuta wannan ne saboda matan karkara irina, masu riƙe da tukunyar gida, ko wata ta karanta ta farga kafin nata ya kai inda namu ya kai. Kuma ba zan ɓoye ba, akwai alfahari a ciki. In ban yabi mijina da garinmu ba, wa zan jira ya yaba min su?

Maigidana ladan ne. Ni Malam nake ce masa, mutanen gari kuwa tuni suka manta sunansa na yanka, Ladan kawai suke cewa. Ƙauyenmu a ƙasar Gabasawa yake, Zakirai ce kasuwarmu. Gidajenmu ba a cure suke wuri guda ba, kowane gida yana tsakiyar gonarsa, ka fita daga gonar wannan ka faɗa ta wancan, babu ko taƙi ɗaya da ba a nomawa. Abin da ya haɗa gidajen nan har ake kiransu gari, masallaci ne da muryar Malam. Tun ina amarya yake hawa matakalar ƙasa da ke jikin masallacin, ya sa yatsu a kunne, a ji shi har fadama. An taɓa kawo mana lasifika lokacin wani zaɓe, batirinta ya mutu tun kafin a rantsar da wanda ya bayar. Ba wanda ya yi kukan rashinta. Da kiran Malam mata suke ɗora tukunya, da shi masu ban ruwa suke sanin rana ta yi.

Ladanci ba shi da albashi. Al'adar garinmu ita ce, da kaka kowane gida ya aiko da damin gero ko na dawa zaurenmu. Malam kuma yana da doka da ya gada wurin mahaifinsa: abin da aka kawo sadaka ba a mayarwa, ba a sayarwa, ba a zubarwa. Yakan ce in ka raina abin hannun mutum, ka kashe masa zuciyar bayarwa ke nan. Mun sha faɗa da shi a kan dokar nan, musamman ranar da aka kawo mana wake mai ƙwari fal, amma ban taɓa cin nasara ba.

Sai shekarun tsadar nan suka shigo. Taki ya fi ƙarfin manomi, damina ta riƙa ɗaukewa da wuri, ɗan abin da aka samu kuma 'yan kasuwar Dawanau su biyo shi har bakin rumbu. Mai injin niƙa ya ƙara kuɗi saboda tsadar mai, mata muka koma wa turmi da taɓarya kamar zamanin kakanninmu. Damin sadaka ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Amma mutanenmu masu kunya ne, ba sa iya wuce ƙofar ladansu hannu sake. Masu fadama suna noman kabeji da rani. Dillalai su zo da mota su tsince masu kyan, su bar wanda ya fashe da ganyen baya. Shi aka koma kawo mana, buhu-buhu, ana sunkuyar da kai ana cewa, "Ladan, a yi haƙuri da wannan." Shi kuma ya karɓa da hannu biyu, ya yi addu'a doguwa kamar an kawo masa sa.

Ni da farko murna na yi. Kabeji ba ya neman itace. Ki yanka shi ɗanye, ki zuba ƙuli-ƙuli da barkono da ɗan gishiri, ki barbaɗa garin rogo, kwaɗo ya haɗu. Ɗan tuwon da nake samu in tuƙa da dare kuwa, Malam sai ya tura wa jikokinmu, 'ya'yan babban ɗanmu da ya tafi neman kuɗi kudu ya bar mana su.

"Ba su, ni kwaɗon ya fi min," in ji shi. "Yana wanke min murya."

Na san ba gaskiya ba ne, shi ma ya san na sani. Haka muka yi shiru a kai. Safe kwaɗo, dare kwaɗo, rani ya bi rani. Gishirin da nake zubawa kuwa daga wurin ƙaninsa Ɗanlami yake. Shi kiwon raguna yake yi, yana sayen gishirin buhu, irin mai manyan ƙwayoyi da ake ba dabbobi, ya ɗibar mana a ƙwarya. Shi ma kyauta ne, to ka san dokar.

Dama can Malam yana da ɗan tudu a gindin wuya, irin na mahaifiyarsa. Gado muka ɗauke shi, kamar wushirya. Abin da na fara lura da shi ba wuyan ba ne, sanyi ne. Ana tsakiyar zafin bazara, kowa yana neman inuwa, Malam ya ce in miƙo masa bargo. Ya zauna jan carbi, sai ka ga kai ya langaɓe, barci ya ɗauke shi. Fatarsa ta bushe ta yi furu-furu ko na shafa masa man gyaɗa. Mutumin da yake da sauri kamar an koro shi, ya koma tafiya ɗaya-ɗaya, magana ma sai ya ja ta. Muryar ta yi kauri. Maƙwabciyata Talatu, wadda gona ɗaya ce tsakaninmu, ta leƙo wata rana tana tsokana. "Inna, murar Ladan ba ta jin magani ne? Ko kin hana shi zuma?"

Daga nan ya fara naɗa rawani yana zagayo da shi ƙarƙashin haɓa, har a cikin gida. Na ce, "Malam, sarauta aka ba ka ba mu sani ba?" Ya yi murmushi kawai. Ranar Juma'a ce asiri ya tonu, da wuyan rigarsa ya ƙi ɓalluwa, ya kira ni in taimaka masa. Na ɗaga rawanin na gani. Ɗan tudun nan ya zama kamar an cusa masa mangwaro a ƙarƙashin fata, in ya haɗiyi yawu sai ya hau ya sauko. Na ce mu tafi asibiti. Ya ce bayan an sayar da gyaɗa.

Ba mu kai ga gyaɗar ba. Wata La'asar ina tsakar gida ina daka, na ji ya fara kira. Ya yi kabbara, ya yi shahada, ya zo "Hayya alas salah" sai muryar ta tsinke. Na tsaya da taɓarya a sama ina jiran ya ɗora. Shiru. Na yar da ita na fita ko mayafi ban gyara ba. Na tarar an zaunar da shi a kan matakala, fuska ta yi baƙi, jijiyoyin wuya sun miƙe, yana jan numfashi da ƙyar. Liman ne ya ƙarasa kiran, da 'yar muryarsa da ko awakin bayan masallaci ba su ji ba.

Makon farko na masu shawara ne. Yayarsa, Yaya Abu, ta zo daga garin aurenta ta zauna a kan tabarmata ta yanke hukunci. "Jifa ne. Wani ne yake son ladancin."

Na ce, "Yaya, wa zai ɓata kuɗinsa wurin boka a kan aikin da albashinsa kabeji ne?"

Ba ta yi min magana ba har ta tafi. Aka kawo rubutu, ya sha, aka yi tofi, muka ce amin, wannan ba ni da ja a kansa. Mai kyamis ya yi masa allurar mura har ɗuwawu ya kumbura. Da Ɗanlami ya ji wata tsohuwa ta ce maƙoƙo ne, sai ya fusata, wai maƙoƙo ciwon mata ne, kar a ƙara faɗa wa yayansa haka. Shi ne ya ɗauko wanzami, da ƙaho da aska, wai a tsaga a zuƙe mugun jini. Nan ne na tsaya a ƙofar ɗaki na baza hannu.

"Wallahi ba mai sa masa aska a wuya ina numfashi. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."

Wanzamin ya naɗe jakarsa ya ce shi ma dama bai so ba. Allah ya saka masa, mutumin kirki ne.

A mako na biyu muka je ƙaramin asibiti. Ma'aikaciyar ta taɓa wuyan, ta ba shi ruwa ya haɗiya tana kallo, ta ce wannan sai birni. Na sayar da tunkiyata, na kwashe kwanukan jerena da na adana tun na aure na kai wa dillaliya. Ban yi kuka ba sai da na dawo na ga bangon ɗakina fayau.

Babban asibiti kuwa, Allah ya raba mu da zuwa ba da shiri ba. Layin kati daban, layin biya daban, layin ganin likita daban, kuma kowanne sai ka kai gaba a ce ba nan ba ne. Wani mai ba da kati, sa'an ɗan cikinmu, ya daka wa Malam tsawa don bai amsa sunansa da ƙarfi ba. Mutumin da ake ji har fadama, yau an ce ya buɗe baki ya yi magana! Na buɗe nawa bakin, Malam ya riƙe min gefen mayafi. Har yau ina jin haushin yaron nan. Amma a asibitin dai na ga mai shara da ta bar tsintsiyarta ta raka mu har ƙofar ɗakin hoto. Kuma da babu Saude, 'yar garinmu da take aure a Rijiyar Zaki, da a barandar asibiti za mu riƙa kwana. Ita ta ba mu ɗaki, mijinta ya riƙa kai mu a babur ɗaya bayan ɗaya.

Sai a zuwa na uku muka ga likita. Mace ce, ba ta da yawan shekaru, ba ta kuma da gaggawa. Na ba ta labarin La'asar ɗin nan. Ta ajiye biro ta ce, "Baba, ɗaga hannuwanka kamar za ka yi kiran salla."

Ya ɗaga. Kafin a jima fuskar ta fara canjawa, numfashi ya fara ƙara. Ta ce ya sauke. Ta ce kumburin ba waje kaɗai ya yi ba, ya gangara bayan ƙashin ƙirji, in ya ɗaga hannu sai ya matse hanyar iska da ta jini.

Ta yi mana bayani da Hausa tsantsa, kalma biyu kawai ta bar min da Turanci, na riƙe su. Ta ce akwai wata 'yar tsoka a gindin wuya, sunanta tayirod, ita take hura wutar jiki. In ta yi rauni mutum ya riƙa jin sanyi da kasala da barci. Abincinta wani sinadari ne, aidin, wanda ake sawa a gishirin leda na cin mutane. In ta rasa shi sai ta yi ta kumbura wurin nema. Sannan ta tambaye ni wane gishiri muke ci, me kuma yake ci safe da dare. Na gaya mata duka, har da tuwon da ake tura wa jikoki.

Na ce, "Likita, wai kabejin ne?"

Ta ce, "Mama, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Rashin aidin shi ne tsagar, kuma ta daɗe, tun kafin tsadar nan. Ɗanyen kabeji kullum, ga garin rogo, su ne ƙadangarun. Suna hana tsokar cin moriyar ɗan abin da ta samu. Mai cin gishiri mai kyau, ya ci kabejinsa, ba abin da zai same shi."

"To mu daina ci?"

"A'a. Ki dafa shi, ki tsiyaye ruwan. Wuta tana kashe yawancin kaifinsa. Kuma kar ya zama shi kaɗai ne abinci."

Makonnin da suka biyo baya na gwaji ne. Aka ɗebi jini. Aka ce hoton wuya, muka je babu wuta, muka koma mai hoton bai zo ba, sai a na uku aka yi. Aka soka masa siririyar allura a kumburin don a duba ko daji ne. Jiran wannan sakamakon shi ya fi komai cin raina. Da ya fito aka ce ba daji ba ne, a tsakiyar mutane na yi sujada, ban damu da ƙazantar simintin ba. Aka ba shi 'yar ƙwaya ƙarama, a sha da sassafe kafin a ci komai. Cikin 'yan makonni ya yar da bargo, barcin zaune ya tafi, har ya fara yi min gardama, na san sauƙi ya samu. Kumburin ne dai bai motsa ba. Ba ya iya kwanciya rigingine, loma kuma sai da ruwa.

Likitar ta ce sai aiki. Ba ta ɓoye mana ba. "Baba, jijiyar murya a bayan kumburin nan take, siririya ce kamar zare. Za mu kiyaye ta iyakar iyawarmu. Numfashi nake sa ran dawo maka da shi, amma ba zan yi maka alkawarin murya ba."

Malam ya yi mata godiya, ya miƙe, muka dawo gida. Da na kawo masa kunu ya ce, "Ba za a yanka ni ba. Gara in koma ga Allah da muryata."

"Wace muryar? Wadda ta tsaya a Hayya alas salah?"

Na san maganar ta soke shi, don ya kau da kai. Na zauna kusa da shi na sassauta. "Malam, shekara nawa kana hana ni mai da kyauta? Wake mai ƙwari ka ce in karɓa. Kabejin da dillali ya ƙi ka ce in karɓa. Yau Allah ya aiko maka da magani har hannunka, shi ne za ka mayar?"

Ya daɗe yana juya ludayi a cikin kunun. Can ya ce, "Ke dai ba a kayar da ke." Ƙarya yake yi, ranar ce kaɗai na taɓa kayar da shi.

Kafin nan labari ya riga mu isa gari, kuma ya isa a karkace: wai kabejin sadaka ne ya sa wa Ladan maƙoƙo. Zaurenmu ya yi tsit. Masu kawo buhu suka koma bi ta bayan gida don kar su haɗa ido da mu. Ɗanlami ya zo ya durƙusa yana hawaye a kan gishirinsa, babban mutum da furfura. Wasu gidajen suka haramta kabeji, har wani ya ce shi ya gama nomansa. Da Malam ya ji, sai ya aika fadama a kawo masa ƙullin kabeji guda. Ya ce in yi masa miyarsa, da gishirin leda. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure bayan sallar Magariba, lokacin da kowa yake wucewa, ya zauna yana ci a hankali yana korawa da ruwa.

"Ku matso, bismillah," yake cewa da dasasshiyar muryarsa. "Abin da ya riƙe ni da jikokina shekarun nan, ba zan zage shi yau ba. Ba ku cuce ni ba, rashin sani ne, kuma ya fi dare duhu. Ɗanlami, zo ka sa hannu."

Ina leƙe ta bayan asabari. Na ce a raina, wannan mijina ne, duk wadda take da irinsa ta fito da shi.

Abin da ya biyo baya ba mu roƙa ba. Masu fadama suka yi shawara a masallaci, kowa ya ware fangali ɗaya na kabejinsa, mai kyan, irin wanda bai taɓa shigowa zaurenmu ba. Aka haɗa aka cika mota, Liman ya kawo kuɗin a ƙunshe. Da shi, da abin da ɗanmu ya aiko, da ragon Ɗanlami mafi girma, aka biya aikin.

Sau biyu ana sa rana ana ɗagawa, muna zuwa da kaya muna komawa gidan Saude. Aka ce a kawo mai ba da jini, Ɗanlami ya miƙa hannu tun ba a rufe baki ba. Ranar da aka shiga da shi, na zauna a benci ina ja masa carbinsa, na karanta duk abin da na sani har ya ƙare na sake daga farko. Aka fito da shi wuya a naɗe, ga 'yar roba tana zubar da jini-jini. Da ya farfaɗo na ga leɓensa yana motsi, na kai kunnena. Iska ce kawai take fita, kamar ana hura wuta. Tambaya yake yi ko an yi Azahar.

Jinyar gida ta fi ta asibiti tsawo. Makon farko kunu ne da cokali, a jingine da matashi. Yatsunsa da leɓensa suka riƙa yi masa kamar tafiyar kiyashi, aka ba shi wata farar ƙwaya ya daina. Masu dubiya kuwa sai da na zama 'yar sanda, don kowa so yake ya ji ko muryar ta dawo, su yi ta jansa da gaisuwa. Na ce gaisuwa ɗaya, amsa da kai. Aka ce matar Ladan ta yi tsauri. Na yi ɗin. A hankali ya fara kwanciya yadda ya so, ya ci tuwo ba ruwa a gefe, ya yi barci ba wannan ƙarar. Ƙwayar safe kuwa likita ta ce ta zama abokiyar zama har ƙarshen rai.

A nan zan yi wa 'yan uwana mata magana. Gishirin dabbobi na dabbobi ne, ko kyauta aka ba ki. Ki sayi na leda, ki rufe shi, kar ki bar shi a buɗe a gefen murhu. Kabeji ba abokin gaba ba ne, ki dafa, kwaɗon ɗanye kuma a yi shi jefi-jefi. In kin ga tudu a wuyan naki, kar ki ce gado ne, kar ki jira gyaɗa. Kuma ki sa ido a kan wanda yake cewa shi ya ƙoshi, a ba yara.

Bayan wasu watanni muryar ta dawo, ta magana. Za ka yi hira da shi ba ka lura ba. Amma in ya nemi ɗaga ta sai ta tsaya a hanya. Likitar ta leƙa maƙogwaron ta ce gefe ɗaya ya yi rauni, wataƙila ya ƙaru kaɗan, wataƙila iyakarsa ke nan. Duk tsawon jinyar surukin Liman ne yake kiran salla. Wata rana dattawan masallaci suka zo zaure, suka yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe Liman ya ce, "Ladan, ka yi wa addini hidima. Ka huta haka, ka zama uba."

Malam ya ce, "Na ji. Alfarma ɗaya nake nema. Ku bar ni in yi kira ɗaya. In ba a ji ba, na sauka da kaina."

Na riga na san yana shiri, don na sha jin sa a ɗaki ya juya wa ƙofa baya yana gwadawa ƙasa-ƙasa. Na ce ya zaɓi Asuba, lokacin da gari yake shiru. Ya ce La'asar. Na ce, "Malam, La'asar fa lokacin daka ne, ga injin niƙa, ga injinan ban ruwa." Ya ce, "Inda na tsaya, nan zan ɗora."

Da safen ranar na haɗu da Talatu a bakin rijiya. Ban roƙe ta komai ba, na dai gaya mata abin da yake cina. Ta ɗora tulunta ta ce Allah ya ba da sa'a, ta wuce.

Inuwa ta kai inda take kaiwa, Malam ya yi alwala, ya naɗa rawaninsa a ka kawai, tabon wuyan a fili, ya fita. Na tsaya a gaban turmina da taɓarya a hannu na kasa dakawa. Ta ko'ina turame ne suke amsawa, gida bayan gida, ga injin niƙa yana ta ɓaɓatu, ga na fadama can nesa. Na san ko bayan katangar masallaci ba za a ji shi ba. Na fara shirya abin da zan ce masa in ya dawo.

Sai turmin gidan Talatu ya yi shiru. Sai na gidan da ke bayansu. Shirun ya yi ta tafiya daga gona zuwa gona, ina jin sa yana nisa. Injin niƙa ya yi tari ya mutu. Can fadama ma, ɗaya bayan ɗaya, aka kashe injinan. Tunda nake a garin nan ban taɓa jin sa haka da rana ba, har kukan kurciya ina ji a kan tsamiya.

A cikin shirun nan muryar ta taso. 'Yar ƙarama, da ɗan kaushi a gefenta, amma tasa ce, da jan nan nasa da na sani tun ina amarya. Ya yi kabbara. Ya yi shahada. Da ya zo "Hayya alas salah" na rintse ido na ƙanƙame taɓarya. Ya wuce. Ya kai har "La ilaha illallah", ya sauke ta a hankali. Na zauna a bakin turmi na yi kukan da ban yi ba tun ranar kwanukana. Sai da aka jima sannan daka ya ci gaba.

Ya dawo daga masallaci yana sauri, saurinsa na da. Tun daga zaure yake kirana.

"Kin ji? Masu ban ruwa sun ce har fadama suka ji ni!"

Na ce, "Na ji, Malam. Ai kai ne."

Dattawa ba su ƙara ta da maganar hutu ba. Kuma daga ranar har yau, in lokacin kira ya gabato, matan garinmu ajiye taɓare suke yi, mai inji ya kashe injinsa, ba wanda ya yi shela, ba wanda ya sa doka. Amaryar da aka kawo bana ma an gaya mata tun kafin ta san hanyar rijiya. Tuwon dare yakan ɗan makara, ban ji mijin da ya yi ƙorafi ba. Allah ya saka wa likitar nan, ya saka wa Saude da mijinta, ya yi wa fadamarmu albarka, ya ba marasa lafiya lafiya.

Ni dai ban taɓa gaya wa Malam abin da ya sa ake jin sa har fadama ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Ya sani, kuma ya san na san ya sani. Mun yi shiru a kai, kamar yadda muka yi a kan kwaɗo.